Wasiyya a kan Ladan Ɗan Ci-rani da Yardar Mai Yunwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya rarraba arzikin bayinsa a cikin garuruwa, ya sanya abincin wani a hannun wani domin ya jarrabi mai bayarwa da mai karɓa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki da lada, ya kuma sauka Madina yana baƙo, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai neman tsarkin zuciya, Allah ya datar da mu da kai, ka sani wannan ƴar takarda an rubuta ta ne a kan mas'ala guda. Ita ce: kadan baƙo ya zo garinka yunwa ta koro shi, ka ɗauke shi aiki da ladan da ɗan gari ba zai karɓa ba, shi kuwa ya ce ya yarda, shin wannan yarda tasa ta wanke ka a gaban Allah? Mun zaɓi wannan mas'ala zama da yawa daga masu riƙon wuridi suna kiyaye tufafinsu daga najasa, suna kiyaye bakinsu daga giba, amma ƙofar da haram ke shigo musu ita ce hannun mai gadi da mai ga-ruwa da ɗan dako, ba su kuwa farga ba.

Fasali na farko, cikin bayanin wane ne ɗan ci-rani

Ka sani a ƙasar Hausa ta arewa, kamar Damagaram da Maraɗi da Tawa da Kance, damina wata uku ce ko huɗu, sauran shekara kuwa ƙasa a bushe take. Kadan aka gama girbi, magidanci ya dubi rumbunsa, ya lissafa bakunan gidansa, sai ya ga hatsin ba zai kai su wata damina ba. Sai ya ɗauke bakinsa daga rumbun, ya bar wa mata da yara, ya tafi Kano ko Kaduna ko Legas ko Ankara ya ci ranin a can. Wannan shi ne asalin kalmar ci-rani. Manufarsa biyu ce: ya rage ci a gida, ya kuma komo da abin sayen iri da taki da suturar iyali kafin ruwan farko ya sauka. A birni shi ne mai tura kurar ruwa, shi ne mai gadi, shi ne mai haƙa rijiya da masai, shi ne mai kwaɓa siminti, shi ne mai yankan farce da wankin takalmi. Yana kwana a bakin shago ko a kangon da yake gini, ba shi da dangi a unguwa, bai san gidan mai unguwa ba, bai san ƙofar alƙali ba.

In kana so ka san nauyin abin da ke koro su, ka tuna watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Galibinsu mata ne da yara daga ƙasar Kance, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah ya jiƙansu. Mutum ba ya ɗaukar ɗansa ya shiga hamada sai abin da ke bayansa ya fi hamadar tsoratarwa. To irin wannan larura ce ke tsaye a bayan mutumin da ya yi maka sallama yana neman aiki, ko da ba ka gan ta ba.

Fasali na biyu, cikin hukuncin ɗaukar mutum aiki

Ka sani malamai suna kiran wannan ƙulli ijara, shi kuwa ɗan'uwan ciniki ne, zama ma'aikaci yana sayar maka da ƙarfinsa da yininsa kamar yadda mai hatsi ke sayar da hatsinsa. A mazhabar Maliku, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaidi da Muhtasar na Halilu, ijara ba ta inganta sai an san ladan, an kuma san aikin ko ajalinsa. Saboda haka faɗin mai gida, "Je ka yi, in ka gama zan ga abin da zan ba ka," ƙofar jayayya ce, kuma ɗan gari ba a cika faɗa masa haka ba sai baƙo. Kadan ƙullin ya ɓaci aka riga aka yi aikin, malamai sun hukunta a ba ma'aikaci ladan irinsa, wato abin da ake ba mai irin wannan aiki a wannan gari a wannan lokaci. Ka lura da kyau, sun auna da aikin da garin da lokacin, ba su auna da garin da aka haifi mai aikin ba.

Allah Maɗaukaki ya ba mu labarin ɗan ƙwadago baƙo a cikin Suratul Ƙasasi. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya iso Madyana yana gudun hijira, ba guzuri, ba masauki, ba wanda ya san shi. Da dattijon nan ya so ɗaukarsa aiki, sai ya bayyana masa ajalin a fili, shekara 8, in ya cika 10 to daga gare shi ne, ya kuma gaya masa ba ya nufin tsananta masa. Da ya so, da ya sami mutumin da ba shi da mafita ya ɗora masa abin da ya ga dama. Wannan ita ce sunnar salihai tare da baƙon da ya faɗo hannunsu.

Buhari ya ruwaito hadisin mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Ibn Majah kuma ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Ya kai ɗan'uwa, baƙon da kake gani ba shi da mai tsaya masa, ka dubi wanda ya ce zai tsaya masa.

Fasali na uku, cikin yardar mai yunwa

Yanzu mu koma ga tushen mas'alar. Mai gida yana cewa, "Ban tilasta shi ba, na faɗi abin da zan iya, ya ce ya yarda." Sai mu ce: yarda iri biyu ce, akwai ta harshe, akwai ta zuciya. Alƙalin duniya yana hukunci da ta harshe zama ita yake ji, Allah kuwa yana duban ta zuciya. Ko yaran makarantar allo da suka karanta Ahalari sun san ya lissafa cin dukiyar mutane ba da daɗin ransu ba a cikin abubuwan da aka haramta. Daɗin rai kuwa yana da sharaɗi biyu a wurin masu hankali: mutum ya san ƙimar abin da yake bayarwa, kuma ya kasance yana da ikon cewa a'a. Baƙon da ya sauka jiya ya rasa duka biyun. Bai san abin da ake biya a garin ba, zama baƙo ko da ido makaho ne. Ba ya kuma iya ƙi, zama ya kwana bai ci ba, Hausawa kuwa sun ce dole ƙanwar na ƙi.

Ka dubi hikimar shari'a cikin hana taren fatake. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana ɗan gari ya fita bayan gari ya tari ayari ya saye kayansu tun ba su shiga kasuwa sun ji farashi ba. Su fataken sun yarda da bakinsu, an ba su kuɗi hannu da hannu, ba wanda ya zare musu takobi, amma duk da haka aka hana, domin ribar mai tarewa ta fito ne daga jahilcinsu ga kasuwa. Haka kuma malaman Malikiyya sun yi magana a kan wanda ya miƙa wuya ga abokin cinikinsa, ya ce masa ban san farashi ba, ka sayar mini yadda kake sayar wa mutane. Kadan aka zambace shi yana da ikon warware cinikin. To, wanda ya je tasha da asuba ya kwashi ƴan ci-rani suna saukowa daga mota, ya yanka musu rabin lada tun ba su gana da ƴan'uwansu sun ji yadda ake yi ba, me ya raba shi da mai taren ayari? Kayan da suka kawo kasuwa shi ne ƙarfin damtsensu.

Ga misali domin abin ya fito fili. A ce magini yana ba leburan gari naira 5,000 a yini, sai ya sami baƙo ya ba shi 3,000, kwano ɗaya suke ɗauka, rana ɗaya ke dukansu. Wannan 2,000 da ta rage a aljihunsa, ladan mene ne? Bai ƙara aiki ba, bai ƙara jari ba. Kuɗin baƙunci ne da yunwa, ya sayar wa mutum da rashin gatansa. Allah ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifina, a kan masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Wanda ya karɓi yini cikakke ya ba da lada tauyayye, mudu biyu gare shi, ko da bai taɓa sayar da hatsi ba.

Kakanninmu sun ga tilas ta bulala. A shekarun 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, Turawan Ingila sun ɗebi mutane daga garuruwan Arewa da ƙarfi zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos, sanyi da cuta suka kashe da yawa. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, har da Nijar, ba a soke aikin tilas ba sai 1946. Kowa ya yarda wannan zalunci ne. Tilas ta yunwa kuwa ba kai ka ɗora masa ita ba, saboda haka ba a tuhumarka da ita. Abin da ake tuhumarka da shi, shi ne ka mai da ita jarinka.

Fasali na huɗu, cikin shubuhohin da rai ke kawowa

In ka ce, "Ai taimakonsa na yi, da ban ɗauke shi ba da ya kwana da yunwa," sai mu ce: kadan aikin nan ba ka bukatarsa, ka ƙirƙire shi domin ka rufa masa asiri, to sadaka ce, Allah ya karɓa. Kadan kuwa kana bukatarsa, da ba shi ba da ka biya wani cikakken lada, to kai ne aka taimaka, sunan taimako kuwa riga ce ranka ya yafa wa kwaɗayi. Alamar da za ka gane gaskiyar lamarin ita ce, za ka so a karanta adadin abin da kake ba shi a gaban jama'ar masallacinku? Hadisi ya zo a Muslim cewa zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a ƙirji kuma kake ƙin mutane su gani.

In ka ce, "Haka kasuwa take, masu neman aiki sun yi yawa," sai mu ce: gaskiya ne lada yana hawa yana sauka, kuma ba a kallafa maka ka biya abin da zai karya ka ba. Kadan ladan ya sauka ga kowa, ɗan gari da baƙo, to wannan hukuncin kasuwa ne. Kadan ya sauka ga baƙo kaɗai, to hukuncinka ne kai. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya raba mu'amala mataki biyu a cikin Ihya'u, a littafin ladubban neman abinci: adalci, wanda ya kamanta da uwar kuɗi, da kyautatawa, wadda ya kamanta da riba. Daidaita baƙo da ɗan gari adalci ne, wajibi a kan kowa. Ƙara masa wani abu saboda nisan gidansa kyautatawa ce, ita ce kasuwar masu neman kusanci.

In ka ce, "Baƙin nan su ne suka karya wa ƴaƴanmu aiki," sai mu ce: ka nemi mai laifi a inda yake. Baƙo bai roƙi a rage masa ba. Mai ɗaukar aiki ne ya ga wanda zai iya tauyewa ya bar wanda ba zai iya ba. Ranar da aka biya su lada ɗaya, ranar ce ɗan gari zai daina tsoron baƙo, zama babu sauran riba cikin fifita ɗaya a kan ɗaya sai da ƙwarewa da amana. Tauye baƙo cuta biyu ce, ta cuci baƙon, ta cuci ɗan maƙwabcinka, ta kuma shuka gaba tsakanin talaka da talaka.

In ka ce, "Arziki rabo ne, abin da Allah ya rubuta masa shi zai samu," sai mu ce: wannan magana gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. Tawakkali ado ne ga wanda aka hana, ba hujja ba ce ga mai hanawa. Ɓarawo ma ba ya ɗaukar sai abin da aka ƙaddara zai fita daga hannun mai shi, wannan kuwa bai kuɓutar da shi ba.

In ka ce, "Ba shi da takardar zama," ko "Ba addininmu ɗaya ba," sai mu ce: takarda tsakaninsa ne da hukuma, lada kuwa tsakaninka ne da shi. Wanda ya ci aikin mutum wata uku, da ranar biya ta zo ya tsorata shi da jami'an shige da fice, ya haɗa cin haƙƙi da yaudara. Haramcin zalunci kuma bai keɓanta da musulmi ba. Hadisi ya tsoratar da addu'ar wanda aka zalunta, cewa babu shamaki tsakaninta da Allah, kuma malamai sun ce wannan ya game kowane mai rai daga ƴaƴan Adamu.

Fasali na biyar, cikin tunatarwa cewa mu ma baƙi ne

Ya kai ɗan'uwa, ba wata al'umma da ta fi Hausawa sanin baƙunci. Fatakenmu sun bi hanyar Gwanja neman goro, sun kafa zango a Salaga da Kumasi, suna da Sabo a Ibadan. Alhazanmu na ƙafa sun yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe da madatsar ruwa ta Sennar a 1925, suna tara guzurin ƙetare teku, wasu ba su komo ba, jikokinsu suna can. Magabatanmu kuma sun san haƙƙin baƙo har suka yi masa tsari. A Kano akwai fatoma, mai saukar da fatake, shi ke ba su ɗaki, ya adana kayansu, ya sanar da su farashi, ya tsaya musu in an ci bashinsu, mutuncinsa duka yana kan kada a cuci wanda ya sauka a gidansa.

Ka tuna kuma yadda kwanaki ke juyawa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita, Hausawan zango da Yarbawa da mutanen Nijar suka karyar da kayansu suka hau manyan motoci. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shagari a Nijeriya ta ba da irin wannan umarni, ita ma da wa'adin mako biyu, ƴan Gana wajen miliyan 1 suka kwashe kayansu a jakunkunan da har yau ake kira da sunan wannan fita. Shekara 14 ba ta cika ba tsakanin wanda aka kora da wanda ya kora. Mutum nawa ne ya tafi a cikin waɗannan ranaku biyu ladansa yana hannun mai gida, bai sake ganinsa ba? Yau ma ƴaƴanmu suna aikatau a Libiya da Aljeriya da ƙasashen Larabawa na gabas, muna kuka in mun ji an riƙe musu fasfo ko an hana su albashi. Wanda ke roƙon Allah ya tausasa zuciyar uban gidan ɗansa a can, ya fara duban mai gadinsa a nan.

Fasali na shida, cikin abin da doka ta kai da abin da ba ta kai ba

Hukumomi sun yi nasu ƙoƙari. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975, a 1979 kuma aka ƙulla yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa daga cikinta damar shiga ɗaya ya zauna kwana 90 ba biza. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikata baƙi da iyalansu a 1990, Nijar da Nijeriya suka shige ta a 2009. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 su wuce, kuma kada tsakanin biya da biya ya zarce wata guda. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Duk wannan alheri ne, kuma wajibi ne a taimaki masu tsayawa a kansa, daga ƙungiyoyin ma'aikata da sarakunan zango da masu unguwanni.

Sai dai ka sani dokar mafi ƙarancin albashi ta keɓe wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, galibin ƴan ci-rani kuwa a gidaje da ƙananan shaguna da kangwaye suke, inda mai duba aiki ba ya leƙawa. Yarjejeniyar ƙasashe kuma ana ƙullawa ana kwancewa. Ga Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025. Haƙƙin baƙo a wurin Allah bai shigo da wata yarjejeniya ba, ba ya fita da fitarta. A nan ne ake gane mai muraƙaba, wato mai jin cewa Allah yana ganinsa. Adalcinka ga wanda zai iya kai ka ƙara ba ya nuna komai daga halinka, zama tsoro ma yana sa haka. Ma'aunin zuciyarka shi ne mutumin da kai da shi duka kun san ba abin da zai iya yi maka.

Fasali na bakwai, cikin abin da ya hau kan kowane ɓangare

Abin da ya hau kan mai ɗaukar aiki, na farko ya ambaci ladan da aikin da ranar biya tun kafin a ɗaga kwano, ya kuma gaya wa baƙon abin da ake ba ɗan gari. Na biyu ya sa shaida ko ya rubuta, zama aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na uku ya biya a kan lokaci. Ka sani jinkiri ga ɗan ci-rani ya fi jinkiri ga waninsa ciwo, domin kadan hadari ya fara haɗuwa yana zaune a ƙofarka yana jiran kuɗinsa, ruwan shuka ya sauka a garinsu ba ya nan, to mako biyun da ka ja shi ya ci masa daminar shekara, yunwar gidansa ta baɗi kuwa kana da kaso a cikinta. Na huɗu kada ya riƙe masa kuɗi da sunan ajiya sai in shi ya nema, kuma kada ya juya su a kasuwancinsa ba da izninsa ba, balle naira ta faɗi kafin ya canza ta zuwa sefa, hasarar ta koma kansa. Na biyar kada ya riƙe katinsa ko wayarsa domin ya ɗaure shi. Na shida kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, ya bar masa lokacin salla da barci, in ya ji rauni a bakin aikinsa ya yi masa magani, kada ya sallame shi ranar da ya kwanta. Na bakwai ya kira shi da sunansa, ya amsa sallamarsa, kada ya bar yaran gida su yi masa laƙabin wulaƙanci.

Abin da ya hau kanka kai kuwa, ya ɗan ci-rani, Allah ya mai da kai gida lafiya, shi ne siffofi biyu da aka yabi Annabi Musa da su, ƙarfi da amana. Kada ka saci yini, kada ka kwanta barci an ba ka gadi, kada ka ha'inci aiki inda ido ba ya gani, kada ka ce ka iya abin da ba ka iya ba. Ka tambayi ƴan'uwanka da suka riga ka zuwa kafin ka yanke lada, kada ka karya wa ɗan'uwanka farashi. Neman haƙƙinka da ladabi ba ya rage tawakkali. Kadan an zalunce ka, kada ka rama da ɗaukar abin da ba naka ba. Ka kai kuka ga sarkin zangonku ko mai unguwa ko limami. Limamai da muƙaddamai kuma su sani tsaya wa baƙo har ya karɓi ladansa yana daga mafi girman hidima.

Rufewa, cikin tuba daga wannan haƙƙi

Ka sani zunubin da ke tsakaninka da Allah istigfari yana shafe shi, amma haƙƙin bayi ba ya faɗuwa da yawan tasbihi. Mai Risala ya lissafa mayar da abin da aka zalunta a cikin tuba. Muslim ya ruwaito hadisin matsiyaci na haƙiƙa, wanda zai zo da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗiban ladansa ana ba waɗanda ya ci dukiyarsu har ya ƙare, sannan a ɗebo zunubansu a jibga masa. Ka dubi hikimar harshenmu, kalma ɗaya muke kiran kuɗin ɗan ƙwadago da sakamakon lahira da ita, lada. Wanda ya riƙe na farko, da na biyu zai biya. Alhaki kuwa kuikuyo ne, mai shi yake bi.

Ƙofa a buɗe take. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutum uku da dutse ya rufe a kogo. Ɗayansu ma'aikacinsa ya tafi ya bar ladansa, sai ya juya masa shi har ya zama garke, da ya komo bayan zamani ya miƙa masa duka, kuma da wannan aiki dutsen ya gama gushewa suka fita. To ka zauna daren yau bayan ka idar da wuridinka, ka lissafa waɗanda suka taɓa yi maka aiki, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka tauye, ka neme shi ka cika masa ka roƙi gafararsa. Kadan ya koma garinsu ka aika ta hannun mutanen garinsu, zama ba su ɓuya. Kadan ya rasu ka ba magadansa. Kadan ka yi iyakar nema ba ka same su ba, ka yi sadaka da adadin da niyyar ladan ya kai gare shi.

Ya Allah ka tsarkake abincinmu daga gumin da ba mu biya ba, ka sanya tausayin baƙo a zukatanmu, ka mai da kowane matafiyi ga iyalinsa da alheri, ka shayar da ƙasashenmu ruwa mai albarka, ka cika mu da imani muna kuɓutattu daga haƙƙin bayinka. Allah ne mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.